To, ina maganin? Kusan shekara arba'in a kan furotin guda

Yaron yana zaune a ƙasa, an ce masa ya tashi. Ba ya miƙewa tsaye nan take kamar sa'o'insa. Sai ya juya ya kifa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ware ƙafafu, ya turo ƙugu sama. Daga nan ya ɗora hannu ɗaya a gwiwa, ya ɗora ɗayan, ya riƙa bin cinyoyinsa da tafin hannu kamar mai hawa tsani, har ya samu ya tsaya. Shekararsa huɗu ko biyar. Sha-raɓarsa a cike take tam, wanda bai sani ba sai ya ce wannan yaro ƙaƙƙarfa ne, alhali kitse ne da tabo suka fara cin gurbin tsokar.

Likitan nan na Ingila, William Gowers, ya bayyana irin wannan tashi a 1879, kuma har yau da sunansa ake kiran alamar. Kafin shi, Edward Meryon ya ga cutar a Landan a farkon shekarun 1850, sannan Guillaume Duchenne ya yi mata cikakken bayani a Faris a shekarun 1860, har ya ƙera wata allura mai ƙugiya da yake ciro ɗan guntun tsoka da ita daga jikin mai rai don ya duba. Sunansa ne ya bi cutar, ana kiran ta cutar Duchenne. Tana kama kusan ɗa namiji ɗaya cikin kowane 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa. In ba a yi komai ba, yaro yakan daina tafiya kafin ya wuce shekara goma sha biyu ko sha uku, sannan raunin ya isa ga tsokar numfashi da ta zuciya.

An gano ƙwayar gadon da ke haddasa wannan cuta a 1986, wato guntun DNA, rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, mai ɗauke da umarnin ƙera wani furotin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke gina jiki. An gano furotin ɗin da yaran suka rasa a 1987. Har yau babu maganin da ke warkar da ita. Duk sa'ad da aka ba da labarin masanin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan furotin, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: to, ina maganin? Tambayar tana da hakki, musamman idan daga bakin uwa ta fito. Amma ina ganin idan muka mai da ita ma'aunin da za mu auna aikin masu bincike da shi, kuma muka raba kuɗin bincike da ita, to yaran nan ne za su fi kowa cutuwa.

A duba yadda aka kai ga ganowar. Louis Kunkel, wanda aka haifa a 1949, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Johns Hopkins, kuma abin da ya fara ƙwarewa a kai shi ne rarrabe DNA ɗin kuromosom ɗin jinsi, wato ƙunshin DNA da ke bambanta namiji da mace, aikin da a lokacin ba wanda zai ce yana da alaƙa da yaron da ke kasa hawa matakala. Da ya koma asibitin yara na Boston, an riga an san cewa laifin yana kan kuromosom ɗin X, tunda maza cutar ke kamawa kuma ta wajen uwa take bi. Mace tana da X biyu, idan ɗaya ya samu matsala ɗayan ya rufa asiri. Namiji ɗaya gare shi. A Landan, Kay Davies da abokan aikinta sun taƙaita wurin zuwa wani yanki na gajeren hannun kuromosom ɗin a farkon shekarun 1980. Sai dai yankin ya ƙunshi miliyoyin haruffan DNA, kuma ba wanda ya san kamannin abin da ake nema. Neman allura ne cikin ruwa, kuma mai neman bai taɓa ganin allura ba.

Wani yaro ne ya buɗe ƙofar. Yana fama da cutar Duchenne, ga wasu cututtukan gado uku a kansa, domin wani babban yanki na kuromosom ɗinsa na X babu shi sam. Kunkel ya yi wata dabara mai sauƙin faɗa. DNA igiya biyu ce a murɗe, kowace tana neman abokiyarta. Ya ɗebi DNA ɗin yaron mai yawa, ya haɗa da ɗan kaɗan na wani mutum da ke da cikakken X, ya warware igiyoyin, ya bar su su sake haɗuwa. Duk guntun da yaron yake da irinsa, na yaron ya kama shi. Guntayen da suka rasa abokai a wajen yaron, su ne daga yankin da ya ɓace. A 1985 aka samu guntun da ya faɗa cikin ƙwayar gadon kanta. A daidai lokacin, Ronald Worton a Toronto ta Kanada ya iso wurin ta wata hanya, ta DNA ɗin wata yarinya da kuromosom ɗinta na X ya karye a daidai wannan gurbi.

Abin da Kunkel ya yi bayan nan ya fi burge ni a kan dabarar kanta. Ya raba guntun ga ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, ciki har da waɗanda suke tsere da shi, aka gwada shi a kan DNA ɗin marasa lafiya sama da 1,300. Da ya ɓoye, da an ƙara shekaru. A 1986 shi da ɗalibinsa Anthony Monaco suka fitar da sassan farko na ƙwayar gadon, a ƙarshen 1987 kuma Eric Hoffman, a ɗakin binciken Kunkel, ya nuna furotin ɗin, aka raɗa masa suna distirofin. DNA ɗin yaron nan guda ya kuma taimaka aka gano ƙwayar gadon ɗaya daga cikin sauran cututtukansa, wata cutar garkuwar jiki, a 1986. Hanyar da aka bi, wato gano ƙwayar gado ta wurin da take zaune ba tare da an san aikinta ba, ita aka bi daga baya aka gano tushen cututtukan gado masu yawa.

Da aka ga abin da aka kamo, sai aka fahimci girman aikin da ke gaba. Ƙwayar gadon distirofin tana da haruffa sama da miliyan biyu, tana cikin mafi girma da aka sani a jikin ɗan Adam. Kwafe ta sau ɗaya yana ɗaukar ƙwayar halitta kimanin awa 16. Saƙon da ke cikinta a rarrabe yake gaɓa 79, waɗanda sai an yanko su an ɗinka kafin a karanta. Furotin ɗin da ke fitowa dogo ne ƙwarai, amma yawansa a tsoka bai taka kara ya karya ba, kusan kashi 0.002 cikin ɗari na furotin ɗin tsoka. Shi ya sa aka shafe shekara ɗari ana duba tsokar yaran nan ba a lura babu shi ba.

Mene ne aikinsa? Zaren tsoka yana takurewa yana saki dubban lokuta a yini, kuma lulluɓe yake da wani siririn tantani. Distirofin yana kwance a ƙarƙashin tantanin nan daga ciki, kansa ɗaya ya riƙe ƙashin bayan zaren, ɗaya kan kuma ya riƙe wasu furotin da suka ratsa tantanin suka kama abin da ke waje. Kamar igiyoyin da ke ɗaure tanti da turaku ne: iska ta kaɗa, igiya ta ɗauki nauyin, yadin bai yage ba. In babu igiyar, kowane motsi yana ɗan yaga tantanin. Kalsiyam ya kwararo ciki, abin da ke ciki ya tsiyaye zuwa jini, zaren ya mutu. Jiki yana da ƙwayoyin gyara da ke sake gina shi, suna kuwa yi, shekara da shekaru, har su gaza, kitse da tabo su maye wurin. Wato yaron da ke gudu a tsakar gida, gudun nan da kansa yana cin tsokarsa. Kevin Campbell a Jami'ar Iowa, da Eijiro Ozawa a Japan, su ne suka warware waɗannan furotin da distirofin ke riƙewa, daga 1989 zuwa farkon shekarun 1990.

Wannan aiki nasu ya warware wani ruɗani da ya daɗe. A Tunisiya likitoci sun bayyana wata cuta mai kama da Duchenne sak, amma tana kama mata kamar yadda take kama maza. Distirofin ɗin waɗannan yara lafiya lau yake. Ashe ɗaya daga cikin furotin ɗin da yake riƙewa ne babu. Igiyar tana nan, turken ne ya tuge. Furotin na farko da aka samu a wannan rukuni an kira shi adhalin, daga kalmar Larabci mai nufin tsoka. Ba wanda ya tashi da niyyar warware cutar yaran Arewacin Afirka. An tambayi me distirofin ke riƙewa ne, amsar ta zo da su.

Akwai wani abu da ya fi ɗaure kai. Tun 1955 likitan Jamus Peter Emil Becker ya bayyana wata cuta mai sauƙi, wadda masu ita kan yi tafiya har su manyanta. Da aka duba, sai ga shi ƙwayar gado ɗaya ce da ta Duchenne. Har ma akan samu mai cutar Becker ya rasa yanki mafi girma fiye da na mai Duchenne. Ta yaya babban rashi zai fi ƙarami sauƙi? Monaco da Kunkel da abokansu suka ba da amsa a 1988. Jiki yana karanta saƙon DNA haruffa uku-uku ne, babu tazara, babu waƙafi. A ɗauki wannan jimla da kowace kalma cikinta harafi uku ce: Ali zai kai mai can yau. A cire kalma guda cur, a ce an cire "can", saura Ali zai kai mai yau. Jimlar ta gajarta amma ana gane ta. Wannan ita ce Becker. Yanzu a bar komai, a cire harafin z kaɗai, a ci gaba da karatu uku-uku: Ali aik aim aic any au. Daga inda aka taɓa, komai ya rushe. Wannan ita ce Duchenne.

Mai karatu zai iya hango abin da masana suka hango. Idan an rasa z, me zai hana a ƙara cire sauran haruffa biyun, a da i, don karatun ya koma kan layi? Sai a samu Ali kai mai can yau. Ba jimlar farko ba ce, amma tana da ma'ana. A kan wannan tunani aka gina magungunan da ke sa jiki ya tsallake gaɓa ɗaya cikin 79 ɗin nan, aikin da Steve Wilton da Sue Fletcher a Perth ta Ostireliya, da masana a Leiden ta Holan, da Masafumi Matsuo a Kobe ta Japan suka shafe shekaru a kai. Haka kuma a 1990 ɗakin binciken Kay Davies ya ba da labarin wani dattijo mai shekara 61 da ke tafiya da ƙafafunsa, alhali kusan rabin saƙon distirofin ɗinsa babu. Daga jikin wannan bawan Allah aka koyi cewa ana iya gajarta furotin ɗin sosai ya ci gaba da ɗan aiki. Darasin yana da muhimmanci domin ƙwayar bairos ɗin da ake amfani da ita wajen kai ƙwayar gado cikin tsoka ba ta ɗaukar fiye da haruffa kusan 4,700, cikakken saƙon distirofin kuwa ya haura 11,000. Yawancin magungunan ƙwayar gado da ake gwadawa a yau a kan wannan cuta, jikokin wancan binciken ne.

To ga abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Yaran da ke da cutar Duchenne sun fi daɗewa a duniya yanzu, amma yawancin wannan ƙari bai fito daga sanin distirofin ba. A Newcastle ta Ingila an bi bayanan marasa lafiya, aka ga a shekarun 1960 matsakaicin shekarun rasuwa bai kai 15 ba, waɗanda kuma aka sa wa na'urar taimakon numfashi da dare daga 1990 sun kai kimanin 25. Na'urar numfashi, da aikin gyara ƙashin baya, da magungunan zuciya, da maganin sitirod irin su firednison, wanda aka fara gwadawa a 1974 tun ba a san ƙwayar gadon ba, su suka yi wannan aiki. Mai cewa a kwashe kuɗin ɗakin gwaje-gwaje a sayi na'urori da kekuna yana da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Iyali da yawa a duniya ba su samu ko waɗannan ba.

Sai dai a lura da inda wannan hanya ta tsaya. Na'ura tana taya huhu, ba ta hana tsoka mutuwa. Sitirod yana jinkirta ranar zama a keken guragu da 'yan shekaru, yana kuma raunana ƙashi, ya tsayar da tsawo, ya ƙara ƙiba. An kusa kai ƙarshen abin da kulawa kaɗai za ta iya bayarwa. Duk wani mataki na gaba dole ya bi ta cikin zaren tsokar, kuma ba mai shiga can sai wanda ya san hanya. Ban da haka, sanin ƙwayar gadon ya riga ya ba iyalai abin da ba a cika lissafawa ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 ana iya tabbatar da cutar a mafi yawan yara da gwajin jini. 'Yar'uwar yaron tana iya sanin ko tana ɗauke da ita kafin ta yi aure, ta kuma san ya kamata a riƙa duba zuciyarta, domin wasu masu ɗauke da ita sukan samu ciwon zuciya. An kuma tabbatar da abin da masanin gado J. B. S. Haldane ya lissafa tun 1935, cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sabon canji ne ya same su, ba daga uwa suka gada ba. Duk wanda ya san irin nauyin da uwa ke ɗora wa kanta a kan ciwon ɗanta, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda na fi jin zafi shi ne abin da ke faruwa idan tambayar "ina maganin?" ta fi ƙarfin masu yanke hukunci. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da eteplirsen, maganin farko mai tsallake gaɓa, wanda ya dace da kusan kashi 13 cikin ɗari na masu cutar. Babban gwajin da aka dogara da shi yara 12 ne kacal. Distirofin ɗin da aka auna a tsokarsu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na mai lafiya ba. Kwamitin masana da hukumar ta kira ya ƙi amincewa, a zauren da ya cika da iyaye da yara a kan kekuna suna roƙo. Wata babbar jami'ar hukumar ta yanke a amince, aka sa masa kuɗi kusan dala 300,000 a shekara. Hukumar magunguna ta Turai ta duba, ta ƙi a 2018. A Yunin 2023 kuma FDA ta amince da Elevidys, mai kai gajeren distirofin cikin tsoka, a kan dala miliyan 3.2 allura ɗaya. A Oktoban shekarar babban gwajinsa ya kasa cimma babban ma'aunin da aka gindaya masa, amma a 2024 aka faɗaɗa izinin. A 2025 samari biyu da suka riga suka daina tafiya suka rasu sakamakon gazawar hanta bayan an yi musu allurar, aka dakatar da bai wa irinsu.

Ba na zargin iyayen ko kaɗan. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Uban da ke ganin ɗansa yana rasa abu ɗaya kowace shekara, bara gudu, bana matakala, baɗi ɗaga hannu zuwa baki, ba za a ce masa ya jira gwaji na shekara biyar ba, ransa bai sosu ba. Amma daidai wannan dalili ne ya sa ake buƙatar wanda zai tsaya da ƙafafunsa ya ce hujja ba ta cika ba. Maganin da aka amince da shi tun ba a tabbatar ba yana da farashin da ba a gani a takarda. Iyaye ba za su yarda a sa ɗansu a rukunin da ba a ba maganin ba, sai gwajin da zai nuna gaskiya ya gagara. Yaron da aka yi wa allurar bairos ɗin nan jikinsa yakan gina garkuwa a kansa, ta yadda idan wanda ya fi shi kyau ya zo gobe a cikin irin wannan bairos, ƙila ƙofa ta rufe masa. Ga kuɗin da ya tafi. Mai yiwuwa waɗannan magunguna suna da amfani ga wasu yara, ina kuma fatan haka. Abin da nake cewa shi ne yaran sun cancanci a sani tabbas, su da suka miƙa jikinsu.

Gaggawar nan tana cin masu binciken ma ta wata fuska. Tallafin bincike a yawancin ƙasashe na shekara uku ne zuwa biyar, kuma mai nema ya san dole ya rubuta cewa aikinsa zai kai ga magani nan kusa, ko da a ransa ya san tambayar da ke gabansa ita ce me wannan furotin yake riƙewa. Sai masana su koyi yin alkawarin da ya fi ƙarfinsu, jaridu su ƙara gishiri, iyaye su ji an ce an kusa. A 1987 mutane da yawa sun ɗauka magani na bakin ƙofa. Yaran da aka haifa da cutar a shekarar, yawancinsu ba sa raye yau. Wannan alkawari da bai cika ba ya bar tabo, kuma laifin bai tsaya kan 'yan jarida ba. Masanin da ya bari aka faɗi abin da ya san bai kai ba, shi ma yana da kaso.

A auna da tsawon rayuwar aikin da gaske. Kay Davies ta gano wani ɗan'uwan distirofin mai suna yutirofin a 1989, wanda jiki ke amfani da shi tun ɗa yana ciki, ta yi tunanin in aka ƙara yawansa zai iya tsayawa a madadin wanda babu. A jikin ɓera abin ya yi aiki. Maganin farko da aka gina a kan haka ya faɗi a gwaji a 2018, bayan kusan shekara talatin. A lissafin mai neman riba wannan asara ce. Ni kuwa ina ganin an biya kuɗin sanin wata hanya, an san inda ta toshe, kuma tunanin bai mutu ba. Eric Hoffman, wanda ya fara ganin distirofin yana matashi a 1987, ya ƙare yana aikin gyara sitirod don a rage illarsa ga ƙashi da tsawo, aka amince da maganin, vamorolone, a Oktoban 2023. Shekara 36 tsakanin abu na farko da na biyu, a hannun mutum ɗaya. Babu tsarin tallafi na shekara uku da zai iya hango wannan tafiya daga farkonta.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne iyaye da kansu sun taɓa fahimtar haka fiye da gwamnatoci. A Amurka ƙungiyar masu fama da cututtukan tsoka ce ta tallafa wa aikin Kunkel da kuɗin da jama'a suka tara. A Faransa ƙungiyar iyaye, ƙarƙashin Bernard Barataud wanda ɗansa ya rasu da wannan cuta, ta fara gangamin tara kuɗi ta talabijin a 1987. A 1990 suka zuba kuɗin wajen kafa ɗakin bincike na Généthon, wanda aikinsa na farko shi ne zana taswirar DNA ɗin ɗan Adam gaba ɗaya. Mutanen da 'ya'yansu ke mutuwa a gabansu suka yarda a kashe kuɗinsu a kan taswira, wadda ba za ta ceci ko ɗaya daga cikin yaran da ke raye a lokacin ba. Taswirorin da suka fito daga can a farkon shekarun 1990 sun hanzarta gano ƙwayoyin gadon cututtuka masu yawa, har da waɗanda ba su shafi tsoka ba. Idan iyaye masu makoki sun iya wannan hangen nesa, ban ga uzurin majalisa ko ma'aikatar da ke raba kuɗin jama'a ba.

Don haka abin da nake so a yi ba shi da sarƙaƙiya. A ba masu bincike nagari tallafi mai tsawo, a bar su su faɗi gaskiyar tambayar da suke bi. A riƙe ma'aunin hujja da ƙarfi a wajen amincewa da magani, a kuma buɗe gwaje-gwaje ga yara da yawa don jiran ya gajarta. Kada a sa iyali su zaɓa tsakanin na'urar numfashi yau da bincike na gobe, kasafin biyun daban ne, kuma ƙasar da ta iya biyan miliyoyi a kan allura ɗaya ta iya ɗaukar duka biyun. Sannan a riƙa tuna waɗanda aka yanki tsokarsu aka ɗebi jininsu. Kowane mataki da na ambata a sama, akwai mara lafiya a ƙarƙashinsa: yaron da ya rasa yankin X, yarinyar da nata ya karye, dattijon mai shekara 61, yara 12 da aka yi ta yankar tsokarsu ana auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Kunkel bai bar wannan furotin ba. A shekarun baya ɗakin bincikensa ya koma kiwon wasu 'yan ƙananan kifaye masu ratsi-ratsi waɗanda su ma ba su da distirofin, ana zuba su a ƙananan ramukan faranti ana gwada dubban sinadarai a kansu, a ga wanne zai hana tsokarsu lalacewa. A São Paulo ta Barazil kuma, Mayana Zatz tana kiwon karnuka masu irin wannan cuta, waɗanda yawanci ba sa daɗewa. A 2003 aka haifi wani a cikinsu, aka sa masa suna Ringo. Tsokarsa ba ta da distirofin ko kaɗan, daidai da 'yan'uwansa, amma yana gudu, yana tsalle, har ya haifi 'ya'ya, ya rayu shekara 11. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ma haka ya fito. Zatz da Kunkel da abokan aikinsu suka bi DNA ɗin karnukan biyu, a 2015 suka ba da rahoton cewa wata ƙwayar gado dabam, mai suna Jagged1, tana aiki fiye da ƙima a tsokarsu. Da aka ƙara ta a jikin kifayen nan na Boston, tsokarsu ta samu sauƙi. Yadda take kare zaren da ba shi da igiyarsa, da ko za ta yi wa yaro abin da ta yi wa Ringo, shi ake bi yanzu.